Makomar Takardar Kuɗi: Muhawara Tsakanin Tsaba da Waya

Daga cikin al'amuran da zamani ya zo da su, waɗanda suka raba kan masana tattalin arziki da 'yan kasuwa har da malaman fiƙihu, akwai mas'alar takardar kuɗi: shin kwananta ya ƙare ne, tun da hukumomi sun ɗauki hanyar mayar da ayyukansu duka cikin na'ura, ko kuwa tana da sauran zama? Duk wanda ya lura da yadda gwamnatin Nijeriya ke tafiyar da harkokinta a 'yan shekarun nan, tun daga albashin ma'aikata da ya daina bi ta hannun akawu ya koma faɗawa asusu kai tsaye, zuwa neman fasfo da rajistar jarrabawa waɗanda ba sa yiwuwa sai ta intanet, zuwa lambar BVN da aka fara bayarwa a 2014 da lambar ɗan ƙasa ta NIN da aka ɗaure da layin waya, zai gane cewa takarda ɗaya ce ta saura wadda hukuma ke bugawa, ta sa mata hannu, ta sake ta cikin jama'a ba tare da ta tambayi sunan mai riƙe da ita ba, wato naira. A kan wannan takarda ce ake jayayya, kuma wajibi ne mai neman gaskiya ya saurari hujjar kowane ɓangare kafin ya rinjayar da ɗaya.

Ya kamata tun farko a kawar da wani zato, na cewa takardar kuɗi aba ce daɗaɗɗiya wadda ba ta taɓuwa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, da wuri ya tarar ana ciniki, ana ba da kamar 2,500 a kan dalar azurfa guda. Sannan Turawan mulki suka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, aka shiga zamanin fam da sule da sisi da taro da kwabo. Sannan Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, naira kuwa ba ta fito ba sai ranar 1 ga Janairu 1973. Ita kanta takardar ta taɓa zama abin al'ajabi, domin Ibnu Baɗuɗa, da ya kai ƙasar Sin a ƙarni na 14, ya ba da labarin yadda ya ga mutane suna saye da sayarwa da takardu masu hatimin sarki, ba da dinari ko dirhami ba. Kuma malamai sun daɗe suna saɓani a kan matsayinta, har Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Amman a 1986 cewa tana ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa wajen zakka da riba. Abin da ke sa wani abu ya zama kuɗi, ashe, shi ne yardar jama'a cewa in sun karɓe shi yau wani zai karɓa daga gare su gobe. A kan wannan ma'auni na yarda za mu ɗora hujjojin duka biyu.

Masu ganin lokacin takarda ya wuce sun fara hujjarsu ne da amanar baitulmali, kuma a nan ƙafarsu ta fi ƙarfi. Suka ce tsabar kuɗi ba ta barin sawu, alhali kuwa dukiyar al'umma ba ta tsira sai da sawu, domin abin da ba a rubuta ba ba a iya bin bahasinsa. Da aka gwada sunayen masu karɓar albashin tarayya da lambobinsu na banki, Ma'aikatar Kuɗi ta ba da sanarwa a farkon 2016 cewa ta kakkaɓe sunayen bogi sama da 23,000. Da aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, aka tattaro kuɗaɗen ma'aikatu da ke warwatse a bankunan kasuwanci zuwa wuri guda inda ido ke iya ganinsu. Kuma a Afrilun 2017 hukumar EFCC ta buɗe wani gida a unguwar Ikoyi ta Legas ta tarar da tsabar dala sama da miliyan 43 a jibge. Suka ce irin wannan ɓoyo ba ya yiwuwa sai da takarda, kuma duk ranar da aka ƙuntata ta an ƙuntata wa maci amana hanya.

Hujjarsu ta biyu ita ce tsaron rai da na dukiya. Falke da ke tasowa daga kudu zuwa Dawanau sayen hatsi, ko dillalin shanu da ke komowa daga Maigatari, a da yakan yi tafiya da dukiyarsa ɗaure a jiki ko a cikin buhu, ransa a hannun Allah, 'yan fashi kuwa sun san ranar kowace kasuwa. Yau yana iya tafiya da wayarsa kawai. Haka nan masu garkuwa da mutane, tsaba suke nema a matsayin fansa, kuma masu sayen ƙuri'a ranar zaɓe da tsaba suke rabo. Suka ƙara da cewa takarda tana tsufa, tana yagewa, gara na cin wadda aka binne, gobara na cin wadda aka ajiye a rumfa, ana kashe maƙudan kuɗi wajen buga ta da jigilarta da gadinta. Ga shi kuma naira 1,000, wadda ita ce babbar takarda tun fitowarta a 2005, hauhawar farashi ta rage mata daraja har ta kai cinikin matsakaici ma sai an yi ƙirga mai gajiyarwa.

Hujjarsu ta uku ta shafi talaka kansa. Suka ce mutumin da cinikinsa ke bi ta asusu yana tara wa kansa shaida a rubuce, wadda zai nuna in yana neman jari, in ya rasu kuma magadansa su san abin da ya bari, ba kamar wanda ya mutu da sirrin maɓoyarsa ba. Kuma ƙasar Kenya, inda aka ƙaddamar da M-Pesa a 2007, ta nuna cewa mutumin ƙauye da bai taɓa shiga banki ba yana iya aikawa da karɓar kuɗi da ƙaramar waya. Ta fuskar shari'a ma ba su rasa madogara ba, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke cikin Suratul Baƙara, umarni take yi da rubuta bashi da kafa shaidu. Kuma Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta yarda a Jidda a 1990 cewa shigar kuɗi asusun mutum tana tsayawa matsayin karɓa da hannu. In haka ne, in ji su, me ya rage wa takarda ban da sabo?

Masu kāre takarda kuwa ba su musanta yawancin wannan ba, sai dai suka ce an yi lissafi ne da mutumin birni, an manta da mafi yawan jama'a. Kuɗin waya yana buƙatar abubuwa huɗu su haɗu a lokaci guda, wato wutar caji, da sabis, da bankin da na'urarsa ke aiki, da mai iya karatu. In ɗaya ya ɓace ciniki ya tsaya. Takarda ba ta buƙatar ko ɗaya, domin tsohuwa mai sayar da daddawa tana gane ta da launi da hoto, makiyayi yana karɓarta a ruga, makaho yana amfani da ita, mai ba almajiri sadaka ba ya tambayarsa lambar asusu. Akwai ƙananan hukumomi a Arewa da babu reshen banki ko ɗaya a cikinsu. Kuma a Satumban 2021, da hukuma ta rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna domin yaƙi da 'yan bindiga, mutane sun yi makonni, wasu watanni, ba kira ba saƙo. Da a ce babu tsaba a lokacin, da me za su sayi hatsi da magani? Wannan tambaya ce da har yau ɓangaren farko bai ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Sannan suka kawo batun ladan tsakani. Takardar naira 1,000 in ta bi hannu goma a yini, daga mai kayan miya zuwa mahauci zuwa mai babur, da dare tana nan 1,000 ɗinta. Amma kuɗin da ke bi ta waya, kowane tsalle sai an gutsure shi, banki ya ɗauki nasa, mai POS ya ɗauki nasa, ga harajin naira 50 da hukuma ta ɗora wa duk turawar da ta kai 10,000. Wannan gutsure ba ya damun attajiri, amma ga wanda ribarsa ta yini ba ta wuce ɗari biyar ba, haraji ne mai nauyi da ba a shawarce shi ba. Ga kuma sabuwar ɓarna da ta maye gurbin tsohuwa: ɗan damfara da ke bugo waya da sunan ma'aikacin banki ya yashe asusun dattijo, da mai nuna alat na bogi ya ɗebi kaya ya tafi, da turawar da ke maƙalewa, an cire wa mai saye ba ta isa ga mai sayarwa ba, a bar su suna rantse-rantse a bakin shago.

Mafi zurfin hujjarsu ita ce ta sirri da iko. Suka ce Musulunci ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma yabi sadakar ɓoye. To, mutumin da kowane kwabonsa ke rubuce a wani rumbu da ba ya gani, an san asibitin da ya je, da malamin da ya yi wa alheri, da jam'iyyar da ya taimaka wa, ina sirrinsa ya tsaya? Kuma wanda ke iya gani yana iya rufewa. A Nuwamban 2020 Babban Banki ya samo umarnin kotu aka daskarar da asusu 20 na waɗanda aka danganta da zanga-zangar EndSARS, a Fabrairun 2022 kuma gwamnatin Kanada ta daskarar da asusun wasu masu hannu a zanga-zangar direbobin manyan motoci. Ko mutum yana ganin waɗannan matakai daidai ne ko kuskure, ya isa ya gane cewa in babu tsaba, mai mulki na iya hana talaka cin abinci da latsa maɓalli ɗaya. Ko ba da nufin zalunci ba ma banki na iya durƙushewa, kamar yadda aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024. Shi ya sa Suwidin, wadda ta fi kusan kowace ƙasa nisa wajen barin tsaba, ta dawo ta wajabta wa manyan bankunanta ci gaba da samar da ita, hukumominta kuma suna shawartar jama'a su ajiye wani abu a gida saboda ranar yaƙi ko ɗaukewar na'ura.

Da a ce muhawarar ta tsaya a baki kawai, da sai a ce kowa ya riƙe ra'ayinsa. Amma Allah Ya ƙaddara an gwada al'amarin a kanmu, mun kuma ga abin da ya haifar. Ranar 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, yana kafa hujja da cewa daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, kimanin tiriliyan 2.7 suna wajen bankuna. Sababbin takardu suka fito ranar 15 ga Disamba, aka ba tsofaffi wa'adin 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, aka kuma ƙayyade abin da mutum zai iya cira a mako. Jama'a suka kai tsofaffin kuɗinsu banki bisa biyayya, sababbin kuwa ba su wadata ba, har abin da ke yawo ya faɗo ƙasa da tiriliyan 1. Sai layuka suka cika ƙofofin bankuna tun kafin asuba. Na'urorin bankuna suka gaza ɗaukar nauyin turawar da ta auko musu. Manomi ya karyar da amfaninsa ga duk mai tsaba a hannu. Kasuwannin kan iyaka, inda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke mu'amala da naira alhali yawancinsu ba su da asusu a Nijeriya, suka shiga ruɗani. Aka yi tarzoma aka farfasa bankuna a Ibadan da Benin da Warri. Abu mafi muni ga mai duban shari'a shi ne yadda lalura ta tura Musulmi sayen naira da naira, ya tura 12,000 a ba shi 10,000 a hannu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, a Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin baki ɗaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin mamaki shi ne kowane ɓangare yana kafa hujja da wannan waƙi'a. Na farko suka ce, duk da wahalar, a watannin nan ne mai shayi da mai tsire suka rubuta lambar asusu suka manna a teburinsu, kuma har yau ba su cire ba. Na biyu suka ce tsaba na dawowa jama'a suka rungume ta, har adadin da ke yawo ya zarce inda yake tun farko. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma haɗuwarsu ita ce darasin. Ga ƙarin shaida: eNaira, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba 2021, ta kasance kuɗin na'ura na farko da wani babban banki ya fitar a Afirka, ba ta samu karɓuwa ba duk da tana da hatimin hukuma, amma kamfanonin OPay da Moniepoint da PalmPay, waɗanda ba su da ikon tilasta kowa, sun shiga lunguna saboda turawarsu na isa nan take. Ashe mutane ba ƙin sabon abu suke yi ba. Abin da ya sauƙaƙa musu suke bi, abin da aka ɗora musu kuma su kauce.

Dole kuma a rage wa hujjar tsaro wani abu daga nauyinta. Garkuwa da mutane ba ta tsaya ba saboda ƙarancin tsaba, domin 'yan bindiga sun san neman babura da kayan abinci a maimakonta. Sayen ƙuri'a ma yana iya komawa taliya da atamfa da turawa ta waya. Manyan sace-sacen baitulmali kuwa da yawansu ta kwangila da asusun kamfanoni suke bi, a rubuce, ba a buhu ba. Indiya ta riga mu gwadawa, lokacin da Firayim Minista Narendra Modi ya soke takardun rupee 500 da 1,000 a daren 8 ga Nuwamba 2016, kusan kashi 86 cikin ɗari na kuɗin da ke yawo, da nufin kama dukiyar haram. A ƙarshe sama da kashi 99 cikin ɗari na takardun suka koma bankuna. Rubutu ba ya kama ɓarawo sai in akwai mai karantawa da alƙalin da zai hukunta. Haka nan ɓangare na biyu bai kamata su wuce gona da iri ba, domin sirrin da suke kārewa haƙƙin talaka ne a cikin dukiyarsa, ba haƙƙin mai riƙe da dukiyar jama'a ba ne.

A nan ne, a ganina, mafita take, kuma ayar bashin da masu goyon bayan na'ura suka jawo ita ce ta nuna ta, domin bayan ta yi umarni da rubuta abin da aka jinkirta biyansa, sai ta ɗauke wannan nauyi daga cinikin nan take da ake yi hannu da hannu. Wato shari'a ta bambanta mu'amalar da ke buƙatar shaida da wadda rubuta ta ƙunci ne kawai. In muka yi ƙiyasi a kan haka, duk kuɗin da ya shiga baitulmali ko ya fita daga cikinsa, albashi ne ko kwangila ko haraji ko tallafi, da manyan cinikayya irin na filaye da gidaje, ya wajaba su bi ta hanyar da ke barin sawu, kuma hukuma ta fara da kanta, ta buɗe littattafanta ga masu bincike kafin ta nemi leƙa aljihun talaka. Amma cefane da kuɗin mota da sadaka da adashin mata da cinikin kasuwar ƙauye, a bar wa jama'a zaɓi, takarda ta ci gaba da zama halattaccen kuɗi da ba mai ikon ƙin karɓa, a kuma riƙa buga ƙananan takardu isassu. Malaman usulu sun ce tasarrufin shugaba a kan talakawansa yana rataye ne da maslaharsu, kuma ture ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Ba na shakka cewa rabon takarda a cikin ciniki zai ci gaba da raguwa, domin yaran da suka tashi da waya a hannu ba za su koma ɗaurin kuɗi a lalita ba. Sai dai raguwa bisa zaɓi daban, kisa bisa doka daban. In hukuma na son gaggauta al'amarin, hanyar a fili take: ta kai wuta da sabis ƙauyuka, ta rage ladan turawa a kan ƙananan kuɗi, ta tilasta wa bankuna mayar da abin da ya maƙale cikin ƙayyadadden lokaci, ta hukunta 'yan damfara hukunci mai tsoratarwa, ta aiwatar da dokar kāre bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, kada kuma a rufe asusun kowa sai da hukuncin kotu bayan an saurare shi. Kowane ɗaya daga waɗannan ya fi sanarwar wa'adi wahala, amma su ne ke gina yarda, ita kuwa yarda ba a kafa ta da takardar umarni. In an cika su, 'yan kasuwa da kansu za su fara ce wa mai saye ya tura, ba tare da wani gwamnan banki ya sa musu rana ba. In kuwa ba a cika su ba, duk wanda ya sake yunƙurin janye tsaba da ƙarfi zai maimaita wa talakawa azabar farkon 2023 ne, alhakinsu kuma yana wuyansa. Allah Ya ba shugabanninmu basirar yin abu a kan lokacinsa.